Ƙofofin Gidan Wayar Kwamfuta da Ƙa'idojin Ƙaura

Maganarmu ta yau a kan kwamfutar nan ce mai karɓar wasiƙun imel tana rarrabawa, wadda zan riƙa kira gidan waya, da kuma abin da ya wajaba a kiyaye in za a yi mata ƙaura.

Da farko dai, kwamfuta a kan intanet tamkar birni ce mai ganuwa, kowace ƙofa da lambarta da irin kayan da ke bi ta cikinta. Ta ƙofa mai lamba 25 gidajen waya ke miƙa wa juna wasiƙu, bisa ƙa'idar SMTP wadda Jon Postel ya rubuta a 1982. A 1998 aka keɓe ƙofa ta 587 domin mai aika wasiƙa, inda galibi sai ya ba da sunansa da kalmar sirri. Wajen ɗaukar wasiƙu kuwa, akwai 110 da 143, sa'an nan 995 da 993 masu ɓoye abin da ke wucewa.

To, in ma'aikata za ta ƙaura, alal misali daga Sendmail zuwa Postfix a kan sabuwar na'ura, lalle ne ta bi tsari. A fara kafa sabon gidan, a shigar da sunan kowane ma'aikaci, a buɗe ƙofofin a gwada su, a kwashe tsofaffin wasiƙu. Bayan haka ne za a sauya alamar MX a rajistar sunaye ta DNS, watau alamar da ke nuna wa duniya inda za a kai wasiƙun ma'aikatar. Da yake wasu na'urori kan riƙe tsohon adireshi har wa'adinsa ya cika, a rage wa'adin tun kafin ranar ƙaura, kuma a ci gaba da duba tsohon gidan.

Abin lura a nan shi ne, rufaffiyar ƙofa ba ta cika ɓatar da wasiƙa ba, domin gidan da ya aiko yakan yi ta sake gwadawa har kwana huɗu ko biyar. Haɗarin yana ga buɗaɗɗiyar ƙofa wadda aka manta da sunan wani a bayanta. Nan take za a ce ba a san shi ba, a mayar da wasiƙar, ko da kuwa takardar ƙarin girma ce ko ta gurbin karatu. Saboda haka, a tantance jerin sunaye kafin a taɓa MX. Sannu ba ta hana zuwa.