GANYE DA SIFFOFINSA

In fara ta sauka a gona, ba ta tone saiwa, ba ta kuwa sare kara. Ganye take ci. Amma in ta cinye shi, ko da kara yana tsaye, saiwa kuma tana cikin laima, dawar nan ba za ta fid da zangarniyar kirki ba. Dalili kuwa, ganye shi ne madafar tsiro. A cikinsa ake haɗa abincin da kara da saiwa da 'ya'ya suke rayuwa da shi.

In yaro ya tsinko ganyen mangwaro ya duba, zai ga abu uku. Na farko, ɗan tsinke wanda ke riƙe da ganyen a jikin reshe. Na biyu, faɗin ganyen, watau wurin nan kore mai shimfiɗuwa, wanda ke tarar hasken rana. Na uku, jijiyoyi. Akwai babba guda wadda ta ratsa tsakiya tun daga tsinke har tsini, ƙanana kuma sun fita daga jikinta dama da hagu. Jijiyoyin nan aiki biyu suke yi. Su ne ke tallafe ganye don kada ya lanƙwashe, su ne kuma hanyar da ruwa ke bi ya shigo daga saiwa, abinci kuma ya fita zuwa sauran jikin itacen.

A jikin ganye akwai waɗansu ƙofofi ƙanana ƙwarai, yawancinsu a bayansa. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, don a wurin da bai wuce faɗin farce ba akan sami dubbai. Ta nan iska ke shiga. Koren da ke cikin ganye yakan kama hasken rana, ya haɗa ruwa da irin iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, ya mai da su sukari. Sa'an nan ganye ya saki iska mai kyau, wadda mutane da dabbobi ke shaƙa. A shekarar 1779 wani likita mutumin ƙasar Holan, mai suna Jan Ingenhousz, ya nutsad da ganye cikin ruwa, ya ga kumfan iskar nan yana tashi in akwai rana, yana ɗaukewa in an kai shi duhu. Ta ƙofofin nan kuma ruwa ke fita. In an ɗaure reshe mai ganye cikin farar leda da hantsi, kafin la'asar za a ga raɓa ta taru a ciki.

Jijiyoyin ganye ba tsari ɗaya gare su ba. Na dawa da gero da masara da rake sun miƙe kafaɗa da kafaɗa, kamar kunyoyin gona. Ganyen waɗannan dogo ne siriri, ba shi da tsinke, gindinsa ne ke naɗe kara kamar kube. Na mangwaro da kuɓewa da auduga kuwa sun sarƙe da juna kamar komar masunta. Magarya kuma manyan jijiyoyi uku gare ta, dukansu daga gindin ganyen suka taso.

Wani ganyen falle ɗaya ne, kamar na mangwaro da gwaiba da gamji. Wani falle ɗaya ne amma an tsattsaga bakinsa, kamar na rogo da gwanda da zurma. Na kalgo tsaguwa ɗaya gare shi a ka, ta raba shi biyu kamar sawun raƙumi. Wani kuwa ya rabu sarai, ya zama 'yan ganyaye da yawa bisa tsinke guda. Na aduwa biyu ne, na wake uku, na gyaɗa huɗu, waɗanda ke haɗe fuska in dare ya yi. Na kuka da rimi da ɗinya sun bazu daga wuri ɗaya kamar yatsun hannu. Abin mamaki, kuka tana ƙarama ganyenta falle ɗaya ne, sai ta girma yake rabuwa biyar ko bakwai. Na tsamiya da dogonyaro sun jeru dama da hagu kamar gashin tsuntsu, amma bakin na tsamiya sumul yake, na dogonyaro kuwa yana da haƙora kamar zarto. Na ɗorawa da bagaruwa da zogale sun rabu, sa'an nan kowane rabo ya sake rabuwa.

To, ta yaya ake rarrabe ganye mai 'ya'ya da reshe mai ƙananan ganyaye? Sai a duba wurin da tsinke ya haɗu da reshe. Kowane cikakken ganye yana da ɗan ido a hammatarsa, inda sabon toho ke fitowa. 'Yan ganyayen da ke jere bisa tsinke ba su da wannan ido.

Siffofin nan ba a banza suke ba, kowace ta dace da mazaunin mai ita. Ayaba da gwaza, masu zama a fadama, ganyensu fankameme ne, don ba su tsoron ƙishirwa. Bagaruwa da gawo, masu jure zafin Arewa, ganyensu mitsi-mitsi ne, iska tana ratsa shi ta sanyaya shi. Tumfafiya ganyenta mai kauri ne, da wani fari-fari kamar kakin zuma a kansa, wanda ke tsare ruwan da ke ciki. Bado yana kwance bisa ruwa, saboda haka ƙofofinsa a sama suke. Na albasa kuwa zagayayye ne, da rami a ciki kamar bututu. Kuka takan zubad da ganyenta duka da rani don ta adana ruwa. Gawo shi kaɗai ya saɓa wa 'yan'uwansa: yakan kaɗe da damina, ya yi ganye da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa.

Sanin ganye ilimi ne mai amfani. Da shi manomi ke rarrabe shuka da ciyawa ran noman firi. Da shi yarinya ke gane rama da yakuwa da tafasa in an aike ta tsinko ganyen miya ko na kwaɗo. Da shi kuma ake kauce wa cuta, don ɗanyen ganyen rogo yana da guba, ruwan tumfafiya yana ɓata ido, gyauron dawa kuma yakan kashe saniya. Wanda ya hau kuka ko zogale don ɗibar ganye, ya kamata ya bar wa itacen rabonsa. Itacen da ake tsige wa ganye ƙarƙaf kowace shekara yunwa ce ke kama shi, ya daina 'ya'ya, daga baya ya bushe.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa dawa ba ta yin kyau in fara ta cinye ganyenta?
2. Wane aiki jijiyoyin ganye suke yi?
3. Mene ne bambancin ganyen tsamiya da na kuka?
4. A samo ganye iri biyar, a zana siffar kowanne, a rubuta sunansa a ƙasa.