Alawar Siddabaru a Labaran Yara: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Yaran Hausawa da suka tashi a Abule Egba, Oko-Oba da Zangon Agege a Legas sun fi iyayensu sanin wani mutum mai doguwar hula da ake kira Willy Wonka. Suna ganinsa a wayar yayyensu ko a tashoshin tauraron ɗan'adam, wasu kuma a makaranta suka karanta labarinsa. Daga nan tambaya ke tasowa a gida: wai da gaske akwai alawar da za a yi ta tsotsa ba ta ƙarewa? Uwa ta yi a'uziyya, uba ya ce a kashe kallon nan. Kafin a kashe, ya kamata a san inda labaran suka samo asali da abin da suke koya wa yaro.

Wonka ya fito ne daga littafin Charlie and the Chocolate Factory na marubucin Birtaniya Roald Dahl, wanda aka buga a 1964. Wonka mai masana'antar cakulan ne da ya ɓoye takardun zinariya guda biyar cikin kayansa, duk yaron da ya dace da ɗaya zai shiga ya ga abin al'ajabi: kogin cakulan, da cingam da ke ƙosar da mai taunarsa kamar ya ci abinci kala uku. Yara huɗu suka shiga da halinsu, halin nasu kuma ya kayar da su. Mai haɗama ya faɗa kogin, yarinyar da aka hana ta taɓa cingam ta ƙi ji ta kumbura ta koma shuɗiya, shagwaɓaɓɓiyar 'yar mai kuɗi ta ƙare a ramin shara, mayen talabijin kuma ya ƙanƙance. Charlie, ɗan talakan da sau ɗaya tak a shekara yake samun cakulan, shi ya gaji masana'antar. Duk wanda ya sha tatsuniya a gindin kakarsa ya san wannan ginin: kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da zai ba mazaunin Legas mamaki shi ne yadda labarin ya matso kusa da ƙofar gidansa. Lokacin da Dahl yake ɗalibi a makarantar Repton a Ingila, farkon shekarun 1930, kamfanin Cadbury kan aiko wa ɗalibai sababbin cakulan su ɗanɗana su faɗi ra'ayinsu. Daga nan ya fara mafarkin ɗakin da ake ƙirƙiro alawa. Reshen wannan kamfani na Nijeriya yana nan a Agidingbi, Ikeja, shi ke yin TomTom da Buttermint da ke kan teburin kowane mai tireda a unguwa. Ita kanta Agege, kafin gidaje su cinye ta, ƙasar gonakin koko da goro ce. Manoma irin su J.K. Coker sun kafa ƙungiyar masu gonakin Agege a 1907, kuma goron nan da layin dogon da ya isa Kano a 1911 suna cikin abin da ya zaunar da fataken Hausawa a Zango. Sai dai akwai tabo a littafin na Dahl. A bugun farko, ma'aikatan Wonka gajerun mutane ne baƙaƙe da aka kwaso daga dajin Afirka ana biyansu da 'ya'yan koko. Da suka ta yi yawa, Dahl ya sauya siffarsu a bugun 1973. Wannan ma abin faɗa wa yaro ne, tunda har gobe mafi yawan kokon duniya daga Afirka ta Yamma yake fitowa, musamman Kwaddibuwa da Ghana.

Akwai kuma alawar da take tarko zalla. A littafin C.S. Lewis na 1950, The Lion, the Witch and the Wardrobe, wata mayya ta ba yaro Edmund alawar Turkawa, wadda ake yi da sitaci da sukari, ta yi mata asirin da duk wanda ya ci zai yi ta nema har ya halaka. Saboda ita ya ci amanar 'yan'uwansa. Yaran da suka fara karanta littafin sun fahimci Edmund sarai, domin daga 1942 har 1953 da kati ake raba alawa a Birtaniya saboda ƙarancin da yaƙin duniya na biyu ya haifar. Haka tatsuniyar Jamusawa ta Hansel da Gretel, da 'yan'uwa biyu masu suna Grimm suka buga a 1812: yunwa ta sa aka yar da yara a daji, suka tarar da gidan da aka gina da burodi, tagoginsa na sukari, ashe mai cin mutane ce a ciki. Inda zaƙi ya yi wuyar samu, nan ake yi masa mafarki.

Mu ma muna da namu, sai dai a da sukari ba shi ne abin marmarinmu ba. Zuma ce, da nama, da maiƙo. Shi ya sa muka sami Ta Kitse, kyakkyawar da aka yi da kitsen sa, wadda kishiyoyi suka tura wa zafi ta narke, da Gizo da cikinsa ke jefa shi rami kullum. A ganina abin takaici shi ne, ga alkaki, nakiya, gullisuwa, tuwon madara, kantu, carbin malam da mazarƙwaila, amma marubutanmu na yara ba su cika gina labari a kansu ba. Hanjin ligidi kaɗai, sunansa ya isa a yi masa littafi.

Da labarin ya shiga hannun 'yan kasuwa, sai al'amari ya sauya. Kamfanin abinci na Quaker Oats ne ya zuba kuɗin fim ɗin Wonka na 1971 don ya tallata cakulan mai wannan suna, aka sake yin fim a 2005 da 2023. Littattafan Harry Potter na J.K. Rowling, da suka fara fita a 1997, sun zo da kwaɗin cakulan, da alawa mai siffar wake wadda ɗanɗanonta kan kai har na amai da dauɗar kunne. Kamfanin Jelly Belly na Amurka ya mayar da ita ta gaske, yara na saye don wasa. Babu asiri a cikinta, sukari ne da kala da sinadarin ɗanɗano. Maganar ko ya dace yaro ya kalli labarin Harry Potter da aka gina kan makarantar matsafa kuwa, wannan hukuncin uba da uwa ne, su tambayi malaminsu in suna da shakka.

Abin lura na zahiri ya fi wannan sauƙi. Wasu alawoyin waje masu taushi da danƙo ana haɗa su da jelatin, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samunsa, don haka a karanta jikin leda, a nemi tambarin halal da lambar NAFDAC, a duba ranar lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke ci a yini, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga babba, yaro kuwa ƙasa da haka.

Gargaɗin da iyayenmu mata suka saba yi na kada a karɓi alawa a hannun baƙo yana nan daram, domin masu satar yara da masu lalata da su da ita suke yaudara. Amma jita-jitar cewa wata alawa tana mayar da yaro doya ko akuya, wadda kan zagaya a WhatsApp, ƙarya ce, kuma irin ta kan jawo a far wa bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. A gari irin Legas, baƙo mai talla shi ne farkon wanda ake nuna wa yatsa, sau da yawa kuma ɗan Arewa ne. In kun ga abin da ba ku yarda da shi ba, ku kai wa mai unguwa ko ofishin 'yan sanda, kada ku tura saƙon da ba ku tabbatar ba.