Ƙishirwar kwikwiyo ba haukan kare ba ce

Da zarar bazara ta kama, akwai maganar da ke dawowa majalisun mafarauta da masu gadin gonaki a Rijiyar Zaki da ƙauyukan da ke kewaye da ita: wai kwikwiyon da ya lizimci kaskon ruwa, yana sha yana tsula fitsari, haukan kare ne ke shirin kama shi. Wasu sai su kore shi daga gida. Waɗanda suka fi tausayi kuwa sai su ɗauke kaskon, su ce ai in bai sha ba, ba zai yi fitsarin ba. Wannan na biyun shi ya fi damuna, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa, kuma shi ne ke kashe dabbar.

Haukan kare ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake kamawa. Alamunsa su ne canjin hali, cizon duk abin da ya gifta, dalalar da yawu, canjin muryar haushi, saki na muƙamuƙi, daga nan shanyewar jiki. Karen da cutar ta ci ƙarfinsa haɗiya ma gagararsa take yi. Yawan sha da yawan fitsari ba sa cikin manyan alamunta. Wanda kare ya ciza, ko yaya karen yake, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya nufi asibiti a ranar. Amma ƙishirwa wata magana ce daban, kuma yawanci a ƙoda take farawa.

Mutane suna ɗauka shan ruwan ne ke jawo fitsarin. A mafi yawan lokuta akasin haka ne: fitsarin ne ke jawo shan ruwan. Aikin ƙoda shi ne ta tace jini, ta fitar da datti, ta mayar wa jiki mafi yawan ruwan da ta tace. Ƙodar kwikwiyo ba ta gama ƙwari lokacin haihuwa ba, sai ta yi makonni kafin ta iya riƙe ruwa kamar ta babban kare, mafitsararsa ma ƙarama ce, ba ya iya mallakarta sosai sai ya yi wata huɗu zuwa shida. Ka ɗauka randa ce mai tsaga a gindi. Ruwan da kake ƙara mata ba shi ya tsaga ta ba, kuma ranar da ka daina ƙarawa tsagar ba za ta toshe ba, randar ce kawai za ta bushe. Haka kwikwiyon da aka hana ruwa: ƙodar za ta ci gaba da zubarwa, jiki ya bushe, idanu su faɗa, dasashi ya yi ƙamas, kafin a ankara ya kwanta. Ga kuma zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40 a Kano, alhali kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, hakin kuwa ruwa yake ci. Mu da muka taso muna jin hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, bai kamata a same mu da hana kare ruwa ba.

To yaushe shan ya wuce kima? Likitocin dabbobi suna zargin matsala idan kare ya wuce mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa a kwana guda. Ledar fiya wata mililita 500 ce, ke nan kwikwiyo mai kilo 5 da ke shanye fiye da leda ɗaya kullum, ba a ranar farauta ko tsananin rana ba, ya cancanci a duba shi. A auna abin da aka zuba da safe, a auna abin da ya rage washegari, a yi haka kwana biyu ko uku. A kuma kalli fitsarin. Mai yawa, fari tas kamar ruwa, yana nuni ga ƙoda. Ɗigo-ɗigo da nishi, wani lokaci da jini-jini, ya fi kama da ciwon mafitsara, wanda ke jin magani. Ciwon suga da kowa ke fara ambata ba kasafai yake kama kwikwiyo ba.

Sau da yawa hannunmu ne sila. Ragowar miya mai gishiri da magi da kanwa da ake juye masa tana sa ƙishirwa. Ƙwayar Dexamethasone da ake saya a kemis don dabba ta yi ƙiba tana sa sha da fitsari kai tsaye. Diclofenac da Ibuprofen, da allurar Gentamicin da ake dirka wa kwikwiyon da zawo ya riga ya busar, suna iya lalata ƙodar gaba ɗaya.

Abin da ya kamata ya tsorata mu shi ne cutar fitsarin ɓera, wadda likitoci ke kira leftosfirosis. Ɓeraye suna zubar da ƙwayarta a bakin rumbu da kwatami da kududdufin damina, kwikwiyo ya sha ko ya taka, ta kama masa ƙoda da hanta. Sai ka ga zazzaɓi, amai, ƙin abinci, ido ya yi rawaya kamar mai shawara, ga ƙishirwa da fitsari. Kuma tana kama mutum, ta ƙujewar fata ko ido ko baki. Yaron da ke yawo ba takalmi a inda kwikwiyon ya jiƙa, da matar da ke wanke wurin da tsagaggen hannu, su ne a gaba. An ƙiyasta tana kama mutum kusan miliyan ɗaya a duniya duk shekara, amma a nan in ta zo da zazzaɓi sai a sha maganin maleriya a kwanta.

Rigakafinta yana cikin allurar haɗin da ake fara yi wa kwikwiyo daga mako 6 zuwa 8 a maimaita, ta haukan kare kuma a wata uku. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar haukan kare a cikin ƙasar nan. Sai dai a ganina hukumomi sun fi tunawa da kare a ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, sauran shekara hankali yana kan shanu da kaji. Mu ma masu karnukan, mutum zai kashe kuɗi a kan laya da sarƙar wuyan kare, amma ya ga kuɗin motar zuwa asibitin dabbobi na Gwale ya yi masa yawa.

Wanda zai kai kwikwiyonsa, ya tari fitsarin farko na safe a kwalba mai tsabta, hannunsa cikin leda, ya tafi da shi tare da kwalin duk maganin da aka taɓa ba shi. Kafin nan a hana yara wasa a inda yake fitsari, a riƙa wanke wurin da ruwan bilic, a bar masa ruwa mai tsabta a inuwa dare da rana.