Gajiya Daban, Ƙarfi Daban

Shirinmu na musamman na yau ya leƙa Tozai a ƙaramar hukumar Isa, da maƙwabtanta har zuwa Sabon Birni, kuma maganarmu da iyaye ce, maza da mata masu ɗawainiyar gida.

Ƙasar Gobir ta san darajar ƙarfi. Da kaka ta yi, an kai gero rumbu, sai samari su fito fagen kokawa. A tsallaken iyaka, Kantu na Maradi ne ya ɗauki takobin farko na kokawar Nijar a Tawa a 1975. Amma magidanci ba takobi yake nema ba. Burinsa ya ga 'ya'yansa sun girma yana tsaye da ƙafafunsa.

Wani zai ce: "Ni da nake wuni ina fama, wane motsa jiki kuma ya rage mini?" To, baba, gajiya daban, ƙarfi daban. Ɗan acaba yana komawa gida a gajiye, alhali a zaune ya wuni. Haka tela, haka mai shago. Ga kuma rashin tsaro da ya raba manoma da yawa da gonakinsu, jikin da ya saba da fartanya ya koma zama da tunani. A irin wannan hali hawan jini da ciwon suga suke samun ƙofa, kuma hawan jini ba ya sallama.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa a kwana biyar, da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. Tafiya da sauri zuwa masallaci ko kasuwa, a cikin gari inda hankali ya kwanta, tana cikin lissafi. Ma'aunin shi ne numfashi ya ɗan ƙaru amma kana iya magana.

Uwargida, tsakar gidanki ya isa. Daka da jan ruwa a rijiya aiki ne na gaske, sai dai a riƙa sauya hannu. Ki tsuguna ki miƙe sau goma, ki dafa bango ki tura sau goma, ki huta, ki maimaita. Yara su ƙirga miki, ba da jimawa ba za su shiga. Mai ɗaukar buhu ko jarka kuwa ya lanƙwasa gwiwa, ya matso da kayan jikinsa, kada ya sunkuya da baya, don daga nan ciwon ƙugu yake farawa.

Tsoka ba ta ginuwa sai da ci. Wake, ƙuliƙuli, zogale, fura da nono, duk namu ne. Iyaye mata, ku daina barin kanku a ƙarshen tukunya, musamman masu shayarwa. A rage gishiri da ɗanɗano, kada su kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya. Mai jego ta yi hattara da yawan kunun kanwa, domin yana ɗora wa zuciya nauyi. Ƙwayar tiramol kuma ba ƙarfi take bayarwa ba, ɓoye ciwo take yi har jiki ya lalace.

Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko kumburin ƙafa ya dakata, ya nufi asibiti. Kowa ya auna jininsa ko da yana jin garau.

Iyaye, gida a kanku ya dogara. Gobe da safe a fara da minti goma, a ƙara a hankali. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Mu kwana nan.