Kumburin Muƙamuƙin da Ba na Haƙori Ba

A ce wani yaro ɗan shekara bakwai a firamaren wani ƙauye na Gagarawa ko Sule Tankarkar ya shigo aji da kumburarren muƙamuƙi. Kowa zai ce hangum ne ko ciwon haƙori, kuma galibi hakan ne. To amma idan kumburin ba ya ciwo sosai, kullum ƙaruwa yake yi, har turame suka soma girgiɗa, wajibi ne a tuna da sankarar Burkitt.

Likitan fiɗa Denis Burkitt ne ya bayyana ta a 1958, yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala. Ba kasafai ake ganinta a Turai ba, amma a sassan Afirka masu yawan zazzaɓin cizon sauro tana cikin sankarorin da suka fi kama yara. Tana tasowa ne daga fararen ƙwayoyin jini da ake kira B, watau masu haɗa wa jiki makaman yaƙi da cuta. Bairos ɗin Epstein-Barr, wanda aka gano a 1964, da zazzaɓi mai yawan dawowa sukan tunzura su su yi ta rabuwa. A cikin wannan gaggawa sai wani yanki na kuromosom na 8, mai ɗauke da ƙwayar gado MYC, ya koma kan na 14. Daga nan linzami ya tsinke.

Duban ido ba ya tabbatar da ita, haka ma gwajin jini na yau da kullum. Sai an ɗebi ɗan nama daga kumburin an kai wa masanin cututtuka, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A ƙarƙashin madubin likita za a ga ƙwayoyi masu duhu a cunkushe, da farare jefi-jefi masu cinye matattun, tamkar taurari a daren hunturu. Sannan a sa rini na musamman mai nuna alamar CD20 ta ƙwayoyin B, a duba ciki da ɓargo da ruwan laka don sanin inda ta kai.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Ƙwayoyin nan kan ninka yawansu cikin awa 24 zuwa 48, alhali suna jin magani ƙwarai idan an fara da wuri. Yaron da aka tsaya yi wa tsaga ko cire haƙori na mako biyu a Maigatari, kafin a kai shi babban asibitin Gumel a tura shi Kano, zai isa da ƙari wanda ya riɓanya na ranar da malaminsa ya fara lura da shi.