Hoton Ƙashi da Gocewar Kafaɗa: Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi a Hausa

1.0 Gabatarwa

Hausa tana da kalmomi irin su karaya da tsagewa da targaɗe da gocewa, waɗanda ake bayyana raunin ƙashi da gaɓa da su. A fahimtar yau da kullum, gocewa ba ta taɓa lafiyar ƙashi. Da zarar maɗori ya mayar da gaɓa, magana ta ƙare. Wannan maƙala za ta nuna cewa hoton ƙashi, wanda ya samo asali daga hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, bai goyi bayan wannan fahimta ba.

2.0 Abin da Hoto Kan Nuna

Kan ƙashin damtse mulmulalle ne, gurbinsa a jikin allon kafaɗa kuwa ba shi da zurfi. Saboda haka kafaɗa ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa, galibi ta gaba. A yayin gocewar, ƙasusuwan biyu kan yi karo, su bar ɓarna iri biyu. Ta farko, bayan kan ƙashin damtse kan lotsa, kamar yadda Hill da Sachs suka bayyana a Amurka a 1940. Ta biyu, leɓen gurbin kan ɓalgace, raunin da likitoci ke kira da sunan Bankart na Ingila.

Likita kan ɗauki hoto kafin mayar da gaɓa da kuma bayan mayarwa, ta gaba da ta gefe da ta hammata. Hoton gaba kaɗai kan ɓoye gocewar baya, wadda kan biyo bayan bugun farfaɗiya. Idan ana son auna girman ɓarnar, sai a koma ga hoton Si-Ti, domin ƙashin da ya ragu shi kan sa kafaɗa ta riƙa sake gocewa, musamman ga matasa.

3.0 Kammalawa

Idan aka gaya wa majinyaci cewa gocewa ce kawai, ba zai ga dalilin komawa asibiti ba; idan aka ce karaya ce, zai nufi wurin ɗori. Don haka ana ba da shawarar a keɓe lotsawa ga ɓarnar farko, ɓalgacewa kuma ga ta biyu. Duka kalmomin Bahaushe ya san su tun a jikin kwano da bakin tukunya.