Wa Ya Ce Riƙe Allura Aikin Mata Ne?

Na gaji da jin samari a majalisun Gaya da Ajingi suna yi wa yaro dariya don sun gan shi a gindin darbejiya yana ɗinkin hula. Wai ya ɗauki sana'ar matan kulle. Masu dariyar kuwa tun da aka kai amfanin gona gida ba su da aikin da ya wuce zaman kashe wando da latsa waya.

Jahilci ne zalla. A ƙasar Hausa ɗinkin ado na maza ne tun asali, musamman malamai da gardawa, domin hannun da ya saba da zayyanar allo shi ya iya zana aska takwas da tambari a ƙirjin babbar riga. Malam zai ba da karatu da safe, da hantsi ya ɗora saƙi a gwiwa, ya zura zaren tsamiya, ya yi ta bin zane har azahar, wata da watanni kafin riga ɗaya ta kammala. Rigunan da sarakuna ke hawan Sallah da su daga irin waɗannan hannaye suka fito. Ko a birnin Zariya, mata sun shigo ɗinkin riga da yawa ne daga wajen shekarun 1970, kuma sun yi abin a yaba musu.

A Ingila ma, tsakanin 1840 da 1880, sojojin ruwa da ke hawa dogayen turakun jirgi cikin guguwa su ne masu ɗinka hoton jirgin yaƙinsu da zaren ulu, har da tutoci da igiyoyi, su kai wa iyali tsaraba. Ɗinke yadin da iska ke tura jirgi da shi da kuma facin tufafinsu ne suka koya musu allura. Zuwan jirgi mai inji da kuma zuwan kyamara suka kashe al'adar, yau kuma gidajen tarihi ke ajiye da ayyukansu.

Keken ɗinki da hulunan inji sun rage kasuwa, wannan gaskiya ne.

Amma iyaye, ga rani ya shigo. Maimakon yaro ya tafi birni ba sana'a a hannu, a kai shi wurin mai ɗinki na unguwa. Ya fara da hula mai sauƙin zane kafin ya taɓa riga. Ya wanke hannu kafin ya zauna, don gumi da maiƙo suna dusashe farin yadi. Kada a bar shi ya yi aiki da hasken tocila. Da yawan tsofaffin maɗinka ido ne ya sauke su. A sayi zaren da ba ya zuba, a jiƙa guntunsa a ruwa a gani tukuna. Ku kuma masu saye, haba! Mutum ya yi makonni a duƙe kan hula ɗaya, ku zo kuna taya ta kuɗin ta inji. Juya cikinta ka duba: ɗinkin hannu za ka ga ƙulli da ɗan bambancin tsawon zare, na inji kuwa ko'ina iri ɗaya ne.